Tagar Ɗakin Umma

Gudumar ta yi wa hannunta nauyi, amma Juwairiyya ba ta fasa ba. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta kife turmi a tsakiyar ɗakin mahaifiyarta ta haye, ta ɗaga ta sauke wa bulon da ya toshe tagar.

Garin siminti ya watso mata a fuska.

Ta ƙara.

"Juwai... me kike yi haka?"

Umma ce daga tsakar gida, inda Juwairiyya ta shimfiɗa mata tabarma don kada ƙura ta taɓa ta. Da ƙyar muryar ke fita, ƙirjinta na wani kuka kamar an matse ɗan tsako.

"Iska nake nemo miki, Umma."

"Babanki zai dawo fa..."

"Ya dawo ya same ni."

Ya kuwa same ta. Malam Mu'azu ya shigo daga kasuwar hatsi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ramin da rana ke zubowa ta ciki, kamar wanda aka fama wa tsohon miki.

Da dalilinsa. Shekarun baya, suna Dogon Dawa, ta taga 'yan bindiga suka harbe babban ɗansa Tasi'u yana ƙoƙarin tura ƙannensa ƙarƙashin gado. Da suka yi ƙaura zuwa cikin Birnin Gwari, kafin a shigar da ko tabarma gidan da ya saya, sai da ya sa magina suka toshe duk wata taga mai kallon waje. Tun daga lokacin Umma Jannatu ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Damina ta bi damina, bangon ɗakin ya sha danshi ya yi fumfuna, ciwon asma ya samu wurin zama a ƙirjinta. Juwairiyya ma'aikaciyar jinya ce. Ta gaji da ɗauko magani daga asibiti tana kai shi ɗakin da shi kansa ne cutar.

"Kin manta ta inda aka kashe yayanki?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta sauko daga kan turmin, ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ban manta ba, Baba. Harsashi ya ɗauke mini Yaya Tasi'u ban iya komai ba. Wannan karon ina iyawa. Ba zan zauna ina kallo duhu ya ɗauke mini Umma ba."

Ya ƙura wa ramin ido. Tarin Umma ne kawai ke tashi daga tsakar gida. Daga ƙarshe ya juya, ya ce tunda ita ta fasa, sai ta san yadda za ta gyara.

Ita kuwa wannan maganar ta riƙe a matsayin izini.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kaduna, sai ga Nu'uman ya iso da motarsa. Ɗan ƙanwar Baba ne, yana da shagon tagogin alminiyom a can, kuma ba a raina aikinsa. Ya daɗe yana kai-kawo a kan Juwairiyya, dangi kuwa sun gama ɗaura auren a bakinsu, ita kaɗai ce ba ta ce uffan ba.

Ya zauna kan kujera yana ƙamshin turare, ya fiddo waya yana nuna musu hotuna. Manyan tagogi na gilashi, masu zamewa gefe, tun daga ƙugu har kusa da rufi.

"Irin wannan zan sa, ƙanwata. Kowa ya wuce ta lungun nan sai ya tsaya ya kalla."

Ya miƙa wa Umma wayar. Umma ta kalla sau ɗaya. Ta mayar masa da ita da sauri kamar ta taɓa garwashi, ta ce ai wannan ko ɗan yaro ya tsaya a waje zai ƙirga haƙarƙarin mutum.

Nu'uman ya yi dariya.

"Za ki saba, Umma. Tsoro ne kawai irin na mutanen ƙauye."

Bai ma dube ta ba da ya faɗa. Idonsa na kan Juwairiyya.

Ta raka shi zaure, ta yi masa godiya, ta ce za ta yi shawara.

"Shawara da wa? Ni ne fa, Juwai."

"Na san kai ne, Yaya. Shi ya sa zan yi shawarar."

Ba ta yarda da hoto ba. Hoto ba ya yoyo, ba ya tsatsa. Don haka duk ranar da ta taso daga aiki sai ta bi gidajen ƙawaye da na marasa lafiyar da ta sani, ta yi sallama, ta ce taga ta zo gani. Ta buɗe, ta rufe, ta girgiza. Ta tambayi matan gida ko ruwa na shigowa idan an yi mai iska, ko mai aikin ya dawo da aka kira shi gyara, ko kuwa ya kashe waya. Wasu su yi mata dariya, wasu su zage su ba ta labarin yadda aka cuce su.

A gidan Sarah, abokiyar aikinta, ta ga abin da ya tsayar da ita. Taga ce ta ƙarfe, ba wani ado, amma ɗakin sanyi ƙalau, sauro kuma ba shi da hanya. Sarah ta ce aikin Suhaibu ne, mutumin Kutemeshi, shagonsa na bakin hanyar Funtuwa. Ta ƙara da cewa mijinta Manasseh ba ya yarda kowa ya taɓa musu ƙarfe in ba shi ba.

Washegari Juwairiyya ta je.

Ta same shi durƙushe yana walda, tartsatsi na tashi. Da ya ji sallama ya kashe, ya ɗage baƙin tabarau zuwa goshi. Dogo ne, siriri, mai manyan idanu da ba sa zama wuri ɗaya. Ta lura a inda ya kafa teburinsa, bayansa na jingine da bango, fuskarsa na kallon titi.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta jero masa tambayoyi kamar mai ɗaukar bayanin mara lafiya: kaurin ƙarfen da yake sawa, irin fentin da ke hana tsatsa, ko shi ke kafawa da kansa ko turo wasu yake yi. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, murmushi na ƙoƙarin ƙwace masa.

"To wace iri za ka yi mini?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta ɗaga gira.

"Sai na ga ɗakin," ya ce. "In kuma an yarda, in ji ta bakin mai kwana a cikinsa."

Da ya zo, bai fara da awo ba. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ya gaida Umma, ya yi mata ya jiki. Sannan ya tambaye ta abin da tun da aka fara zancen nan ba wanda ya tambaye ta: me take gudu a jikin taga?

Umma ta dubi ramin da ke bango.

"Kada a gan ni, ni ban ga mutum ba," ta ce a hankali.

Suhaibu ya gyaɗa kai.

"Na san wannan, Umma. Ni ma har yau ba na iya juya wa ƙofa baya."

Ya naɗe hannun rigarsa kaɗan. Tabon sarƙa ya zagaye wuyan hannunsa. A taƙaice ya faɗa mata: a hanyar Kutemeshi aka tare motarsu, aka kora su daji, ya ci damina guda a can kafin Allah ya fito da shi.

Sannan ya faɗi abin da yake gani. Tagar waje za a yi ta sama-sama, da ganyayen ƙarfe masu kallon ƙasa, iska ta shigo, ido kuwa ba hanya, ita kuma in ta so ta leƙa ta ga ƙafar duk mai wucewa. A sa raga saboda sauro. A fasa wata babba ta ɓangaren tsakar gida don iskar ta samu mafita. Marfin ciki kuma na ƙarfe, da sakata daidai inda hannunta zai kai ko tana zaune a bakin gado.

"Ke za ki buɗe, ke za ki rufe. Ba mai yi miki."

Umma ta juyo ta dubi 'yarta.

"Shi nake so, Juwai."

Juwairiyya ta gyaɗa kai. Ita dai ta san wani abu ya motsa a ƙirjinta, kuma ba asma ba ce.

Aka fara aiki. Kullum ta dawo daga asibiti sai ta tsaya a kansa da farar rigarta, hannu a ƙugu, tana neman kuskure. Ya laƙaba mata Likita. In ta ce nan ya karkace, sai ya miƙa mata ma'auni ya ce Likita ta auna da kanta, in ya karkace a yi masa allura. Umma na rumfa tana jin su, wani lokaci har dariya ta kuɓuce mata, dariyar da gidan ya manta kalarta.

Wata rana da yamma yana goge bakin ƙarfe, ɓurɓushi ya faɗa masa a ido. Ya dafe fuska ya durƙushe.

"Kada ka murza!"

Ta ɗebo ruwa mai tsabta da sirinji, ta zaunar da shi kan turmi a gaban Umma, ta ce ya ɗaga kai. Ta buɗe fatar idon da yatsunta tana wankewa. Tana jin numfashinsa ya tsaya cak.

"Ka yi numfashi mana, Malam. Ba yanka ka zan yi ba."

"Ai gara yankan..." ya ce can ƙasa.

Ta ji sarai. Ta gama, ta goge hannunta, ta jira har Umma ta shiga alwala.

"Suhaibu."

"Na'am, Likita."

"Kwana biyun nan in na juya sai in ga kana kallona. In magana ce da kai, ka zo zaure da sallama kamar kowa. In babu, ka dinga kallon ƙarfenka, ga shi har ya fara rama abin da kake masa."

Ya buɗe jan idonsa ya dube ta.

"Irina ba ya zuwa zauren irinku, Juwairiyya. Kin san daga inda na fito."

"Na san inda aka kai ka. Ban tambaye ka wannan ba."

Ranar Juma'a ya zo zaure, da farar shadda da sallama.

Labari ba ya kwana a unguwa. Nu'uman ya ji an ba wani aikin, ya haɗiye. Da ya ji har da zaure, sai ya kamo hanya. Bai nemi Juwairiyya ba, wurin kawunsa ya wuce, rumfar kasuwa. A can ya zauna ya yi ta jefa tambayoyi kamar mai neman sani. Wa ya taɓa cin damina a hannun mutanen nan ya fito da ƙafarsa in ba da wata a ƙasa ba? An ce har babura yake yi musu walda. Yanzu ga shi yana shiga gidajen mutane, yana auna ɗakuna, ya san inda maigida ke kwana, ya san inda 'yan mata suke. Wace sana'a ce ta fi wannan daɗi ga infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto?

Malam Mu'azu mutum ne da aka taɓa ƙonawa. Ya dawo gida, ya tarar da Suhaibu na shirin kafa tagar waje, ya ce ya tattara kayansa ya fita, kada ya ƙara ganin ƙafarsa.

Suhaibu bai yi musu ba. Ya dubi Umma, ya ce ta yafe masa ya bar mata aiki rabi, ya ɗauki jakarsa.

Juwairiyya ta dawo ta tarar da rami a bango an rufe shi da kwano, Umma kuma ta juya fuska ga bango. Ta je ta samu Baba. Ta ce in yana da hujja ya nuna mata, ita da kanta za ta kai ƙara. In kuwa zance ne daga bakin wanda aka hana aiki aka kuma hana zaure, to Baba ya fi ta sanin sunan wannan. Ya daka mata tsawa ya ce ta fita masa daga gani. Ta fita, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ita dai kalmar infoma, in ta fita daga baki, ba ta komawa. Daga rumfar hatsi ta shiga tasha, daga tasha ta shiga majalisun shayi. A garin da kowane gida ke da wanda daji ya ci, ba a buƙatar shaida kafin jini ya hau.

Tana cikin ba wani yaro magani Sarah ta faɗo ɗakin, ko sallama babu.

"Juwairiyya, 'yan sintiri sun ɗauke Suhaibu daga shago. Suna ƙofar gidan Wakili, mutane sun taru."

Wakili shi ne dattijon da ke sauraren ƙararrakin unguwar. Juwairiyya ta san in taro ya yi yawa, ko shi ba lalle ya iya riƙe su ba. Ta miƙa wa wata abokiyar aiki tiren magani, ta zari hijabinta.

Ƙafafunta na son ƙofar gidan Wakili, amma kanta ya ce kuka ba zai fisshe shi ba. Ta riƙo hannun Sarah.

"Kin ce mijinki ba ya yarda da kowa sai shi. Me ya sa?"

Sarah ta rage murya.

"Da sarƙa ɗaya aka ɗaure su a daji. Ba ya son zancen, ko ni bai gama faɗa mini ba."

"Yau zai faɗa."

Suka hau acaɓa zuwa makarantar da Manasseh ke koyarwa. Yana jin sunan Suhaibu ya ajiye alli, ko hular kwano bai tsaya nema ba.

Sun tarar da ƙofar gidan Wakili ba masaka tsinke. Suhaibu na zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa na jini. Bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Abin da ya fi taɓa ta shi ne yadda aka zaunar da shi a tsakiya, mutane ta bayansa, kafaɗunsa sai karkarwa suke yi. Baba na gefe, Nu'uman na kusa da shi ya harɗe hannuwa.

Ta ratsa maza kamar tana ratsa layin asibiti, ta je ta tsaya daidai bayan Suhaibu.

"Ni ce a bayanka," ta ce yadda shi kaɗai zai ji. "Ba kowa."

Kafaɗun suka lafa.

Ta gaida Wakili da ladabi, ta ce ta zo da shaida. Manasseh ya matso, ya tuɓe takalmi, ya ɗage wando, ya nuna tabon da ke idon sawunsa. Ya ce gaskiya ne Suhaibu ya yi musu waldar babura, da bakin bindiga a ƙeyarsa, kuma duk wanda ke wurin nan da an ɗora masa ita da ya yi. Ya ce lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi, ana shirin sauya sansani, kowa ya san abin da suke yi wa wanda ya kasa tafiya. Suhaibu ne ya goya shi, da sarƙa da komai, ya ratsa rafi da shi ruwa har ƙirji.

"Ni Kirista ne, shi Musulmi. Bai tambaye ni ba kafin ya durƙusa ya ce in hau. In wannan ne infoma, to ku haɗa da ni."

Wakili ya gyara zama, ya tambayi inda maganar ta samo asali. Aka yi ta nuna juna, daga wannan sai wancan, har yatsa ya tsaya a kan Nu'uman. Ya ce shi ma ji ya yi.

"A bakin wa, Yaya?" Juwairiyya ta tambaya.

Ya ce mutane.

"Mutanen suna da suna. Faɗi ɗaya."

Kafin ya buɗe baki, sai ga taron na darewa ta baya. Wata mata ce ke tahowa a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi, hannunta dafe da kafaɗar wata maƙwabciya. Malam Mu'azu ya miƙe tsaye bai sani ba.

Umma ce. Umma da ko bikin ƙanwarta bai fito da ita ba.

Ta tsaya gaban Wakili, ta ce a yi mata haƙuri, muryarta ba ta da ƙarfi.

"Ni aka kashe wa ɗa. In akwai mai hakkin tsoron infoma a nan, ni ce. Yaron nan ya zauna a ƙofar ɗakina, na ji muryarsa. Wanda aka tsorata ya san ɗan'uwansa." Ta juya ga Nu'uman. "Kai kuma ɗana ne, na goya ka. Ga Alƙur'ani a gidan Wakili. In ka san abin da ka faɗa gaskiya ne, yi alwala ka dafa."

Nu'uman ya dubi kawunsa, ya dubi ƙasa. Bai motsa ba.

Shirun nan ya isa. Wakili ya sa aka ɗaga Suhaibu, ya yi wa 'yan sintiri faɗa a kan dukan mutum kafin bincike, ya ce duk wanda ya ƙara maimaita kalmar nan shi zai zauna a inda yaron ya zauna. Kafin la'asar motar Nu'uman ta kama hanyar Kaduna.

Juwairiyya ta zaci an gama. Ashe da saura.

Suhaibu ya dawo ya ƙarasa aikin Umma tsaf, amma ya zaɓi lokutan da take asibiti. Zaure kuwa ya ɗauke ƙafa. Ta ba shi kwanaki, ta ga ba shi da niyya, ta wanke ƙafa ta je shagon.

Bai ɗago ba.

"An wanke ni a gaban Wakili, Juwairiyya, amma ba a wanke ni a zuciyar kowa ba. Gobe in aka tare wata mota, za a tuna da ni. Ba na so a dinga nuna ki ana cewa matar wane ce. Kuma baburan nan da na gyara... ban san gidan wa suka je ba. Wataƙila irin naku."

Ta jawo benci ta zauna, ta kashe masa injin da kanta.

"Dube ni."

Ya ɗago.

"A asibiti na ɗinke mutanen da ban san me suka aikata ba, wasu da ɗan sanda tsaye a kaina. Ban taɓa ɗaukar zunubinsu na ɗora wa kaina ba. Kai da aka sa wa bindiga a ƙeya, wa ya ba ka izinin ɗaukar nasu?"

"Juwai..."

"Ban gama ba. Na zagaye rabin garin nan kafin in zaɓi wanda zai taɓa bangon uwata. Kana ganin wanda zan ba rayuwata da ka na zaɓe shi? Ni ba na zaɓe sau biyu, Suhaibu. In ba ka so na, faɗa mini yanzu in tashi."

Idanunsa suka kawo ruwa.

"Wallahi tun ranar da kika tsaya nan kina yi mini tambayoyi kamar alƙali... ban ƙara mallakar zuciyata ba."

"To ka daina yi mini rowar abin da yake nawa."

Gyaran murya suka ji daga bakin shago. Malam Mu'azu ne, da hularsa a hannu. Juwairiyya ta miƙe da sauri ta ja hijabi, kunya ta rufe ta a karon farko. Bai dube ta ba. Ya ce wa Suhaibu ya zo neman gafara ne, shi babba ne amma ya yi aikin yara, ya bar tsoro ya yi masa jagora. Suhaibu ya durƙusa yana cewa ba komai, Baba, ba komai. Dattijon ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Ka turo manyanka. Wannan da kake gani, in ta ƙudura abu, ko bango ba ya tare ta."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Manasseh ne ya yi ta kai-kawo da motocin 'yan ɗaurin aure kamar shi ne babban wan ango. Mahaifiyar Nu'uman ta yi fushi ta ce ba za ta zo ba, ranar wuni kuma sai ga ta da kwanukan tuwo, ta rungume Umma suka sha kuka. Nu'uman ya aiko da saƙon ban-haƙuri. Suhaibu ya ce ya yafe, Juwairiyya ta ce ita sai ta yi shawara.

Abu ɗaya ya rage. Mahaifiyar Suhaibu tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta zuwa biki, tana can Kutemeshi tana jiran ganin amarya. Shi kuwa tun da ya fito daga daji bai ƙara bin hanyar ba, sai dai aike.

Juwairiyya ce ta sa ranar. Suka bi ayarin motocin ranar kasuwa da hantsi, suna kujerar gaba. Tafiya ta miƙa, gonakin da aka girbe suka ƙare, itatuwa suka fara haɗe kai a kan hanya. Ta ji hirarsa ta ɗauke. Da suka doshi wata kwana mai gangare, gumi ya keto masa, ya runtse ido, yatsunsa suka ƙanƙame gwiwarsa.

Ba sai an faɗa mata ba. Nan ne.

Ta zura hannu ta ƙarƙashin mayafinta ta kama nasa, ta matse.

"Buɗe idonka, angona," ta raɗa masa. "Wancan karon babu ni ka bi ta nan. Ka kalle ta da kyau, hanya ce kawai."

Ya buɗe. Ya kalli gangaren, ya kalli itatuwan, har motar ta haye tudu suka koma bayansu. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kamar tun waccan daminar yake riƙe da ita.

Can gaba rufin kwanon Kutemeshi ya fara ƙyalli. A bakin hanya, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, wata tsohuwa na zaune kan kujera 'yar tsugune, ta kare ido da tafin hannu tana leƙen kowace mota.

"Ga Inna can," ya ce. "Direba, tsaya... mun iso gida."